Faifan Baba da Sunan Yaya Sani a Ciki

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Sai bana mutane suka tuna cewa ya taɓa kaɗa jita.

Tun kafin ruwan noman rani ya iso Kura, Baba ya gudu Sabon Gari da ƙuruciyarsa. Can ya haɗu da wasu samari, suka kafa ƙungiyar kiɗan zamani, da jita da gangunan Turawa, suka buga faifan garmaho na farko. Shi ne kuma na ƙarshe. A shekarar aka haifi yayana Sani, Baba ya sa sunansa a waƙa ɗaya, yana ta nanatawa kamar babu wani ɗa a duniya.

Ni na zo a makare. Kafin a haife ni ya dawo gida, ya jingine jita, ya kama shinkafa. Ban taɓa jin ya rera min komai ba. Abin da na sani shi ne, "Kai Habu, buɗe ruwan nan!" Yaya Sani aka kai makaranta birni. Ni aji huɗu na yi aka ce gona na nemana.

Yanzu wani yaro ya tono waƙar, ta shiga wayoyi, har masu adaidaita sahu suna sa ta. Gidan rediyo ya gayyaci Yaya Sani, ina bakin kanal ɗin ban ruwa na ji shi yana cewa Baba ya rayu da son kiɗa har ƙarshe. A ina ya gani? Mutumin da sai da Sallah yake leƙo mu. Ni na yi jinyar tsohon nan, amma babu wanda ya tambaye ni ko da launin jitarsa.

Da Baba zai ga wannan hayaniya, ina jin tsaki zai ja. Kwali guda ya dawo da shi na faya-fayan da ba a saya ba. Da shinkafa ta fara fitar da kai, sai ya zura musu igiya ya rataye a gona, ƙyallinsu ya kori tsuntsayen jan baki. Rana ta lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Guda ya rage, yana cikin akwatin Inna, akwatin kuma yana ɗakina.

Makon jiya Yaya ya bugo waya.

"Habu, ka aiko min da faifan nan, za mu yi taron tunawa da Baba."

Na ce, "Yaya, taro da su wa?"

"Da masoyansa mana. Kai me ka sani a harkar?"

Gaskiya ne, shi ya gāji muryar saurayi mai jita, duniya kuma ita take so. Ni tsoho mai tari da faso na gāda, kuma ina ƙyashin rabonsa, ba na ɓoyewa. Na ce masa faifai na nan, amma ba na aike. Sai dai ya zo da ƙafarsa, ya cire takalmi, ya wuni da ni muna korar tsuntsu inda Baba ya ƙare rayuwarsa, sai in miƙa masa da hannu biyu.

Ya ce gwiwarsa ba ta son laka. To, nawa kunnen ma ya gaji da jin sunansa.