Baba Ɗantala da Littafin Ƙofa

Da an idar da sallar asuba Baba Ɗantala yake zama a kujerarsa ta roba, a ƙofar gidanmu na unguwar Bin Omran a Doha, inda kamfanin goge-goge ya zuba mu, mata goma sha takwas. Fulas ɗin shayi a ƙasa, littafi a cinya, biro ɗaure da zare a wuya. Duk namijin da zai shiga sai ya rubuta suna da lokaci da abin da ya kawo shi, ya sa hannu. Mai kawo ruwa ma bai tsira ba. Mun sha yi masa dariya.

Tun 2002 yake nan. Ƙarshen watan nan zai koma Gusau, kuma wallahi ban yarda ya tafi shiru ba.

A ofishin kamfani akwai takarda cikin firam, da Turanci, wai an hana cin zarafin mata a wurin aiki da masauki. Kyakkyawa ce ƙwarai. Ni nake goge mata ƙura duk Alhamis.

To, akwai sufabaizanmu, Mista Munzali. Bahaushe ne, amma in kin gaishe shi da Hausa ta hanci yake amsawa. Naktaye a zafin Doha. Ya tsiri zuwa duba AC a ɗakin Haulat, kullum ranar hutunta, Talata, da azahar, muna wurin aiki. Ya rufe ƙofa, ya kai hannu. Da ta ture shi, ya ce magana ɗaya zai yi wa kafil, ubangidan da ya ɗauko mu, a soke mata biza. Yara biyu ta bari a gida wurin mahaifiyarta.

Baba ya ga idon Haulat, ya gane. Daga zuwa na biyu ya riƙa bin Mista da tsani a kafaɗa, wai ai ba a duba AC babu tsani, ya tsaya a ɗakin har a gama.

Haulat ta daure ta kai ƙara. Manaja ya ce ina shaida. Mista ya rantse sau ɗaya ya taɓa taka gidan. Aka ce ta fara haɗa kaya.

Ranar Alhamis ina goge firam sai ga Baba da littafinsa a leda. Na ce masa a hankali, "Baba, kai ma fa biza gare ka."

"Na sani, 'yata. Ai ba magana zan yi ba, karatu za su yi."

Ya buɗe a teburin manaja. Talata tara a jere, ƙarfe biyu, duba AC. Kowace da sa hannun Mista, mai lanƙwasar nan da ke cin layi uku, har da muƙaminsa a ƙasa.

"Haba Baba," in ji Mista, yau da Hausa tsantsa, "wannan ai cika ƙa'ida ne kawai."

"Ita na cika, yallaɓai. AC ɗin kuma lafiyarsa ƙalau, ni nake wanke masa raga."

Manaja ya ce khalas, magana ta ƙare. Sati bai zagayo ba aka sallami Mista. Haulat tana nan, jiya ma ita ta yi mana dambu.

Baba, kai ne ka sa takardar firam ta yi aiki sau ɗaya a rayuwarta. Kai ne mai tsani, kai ne mai biro. Mun gode, Allah ya kai ka gida lafiya, ya tsare maka naka 'ya'yan.

Masu gadin unguwannin Muaither da Al Wukair, kun ji. Kai kuma da za ka gaji kujerar, Baba ya bar maka biron da zarensa. Ka rubuta kowa, musamman mai naktaye.