Dutsen Kwanar Alfadari

Nives Cimador ba ta yarda da kowa ba, kuma duk kwarinmu an san haka. Shekara talatin ta yi tana raba wasiƙu a kan keke, daga bakin kogi har gidajen da ke maƙale a jikin dutse. A cewarta, wanda ya riƙe wasiƙun mutane tsawon haka ba zai ƙara ruɗuwa da murmushin kowa ba. In ka gaishe ta da fara'a da yawa, sai ta sunkuya ta duba tayarta.

Sai da ta haura arba'in sannan ta fara hawa keken gangaren dutse, irin mai ƙatuwar tayar nan. Mata suka ce ta zautu. Ita ko a jikinta. Ta ɗauki diga da shebur ta bi tsohuwar hanyar da kakanta yake sauko da ciyawa a kan alfadari, tana sharewa tana gyarawa, shekara goma sha ɗaya. Hanyar ta faro daga makiyayar Dorino can sama, ta ratsa daji, ta faɗo bayan coci. Minti goma sha huɗu ne in ka iya. In ba ka iya ba, sauka ka tura abinka, ba mai yi maka dariya sai Nives.

To amma hanyar ba ta da takarda. Rabinta na sama ƙasar Dorino ce, tsoho mai shanu da cuku, aminin marigayi mahaifinta Aldo. Tun tana yarinya Barba take ce masa, yadda muke kiran ƙanin uba. Da baki ya ba ta izini, da sharaɗi ɗaya: wanda duk ya buɗe ƙyauren shinge ya rufe. Ranar da ya ga dama ya rataya kwaɗo, hanya ta mutu ke nan. Nives ta san wannan sarai.

A tsakiyar daji akwai wurin da muke kira Kwanar Alfadari. Matsattsiya ce, ga gangare, ga saiwoyi masu santsi, ga kwazazzabo a hagu. A gefen kwanar wani baƙin dutse ya leƙo daga ƙasa, girman tukunyar polenta, tuwon masararmu. Wanda bai san hawa ba cewa zai yi ajali ne aka ajiye wa mutum. Mai hawa kuwa da shi yake juyawa: ka saki birkin gaba, ka bar tayar baya ta zame ta doki dutsen, shi zai tare ka ya mayar da kai kan hanya. Nives ta doke shi ya fi sau dubu.

Shekara uku da suka wuce ta karye a kafaɗa, ba a daji ba ma, a kan kwalta gaban gidan burodi. Mijinta Ennio, kafinta, mutum marar magana wanda ko tsani ya hau sai ya rufe ido ɗaya, shi ya yi jinyarta mako shida, har abinci a baki.

Da ƙanƙara ta narke ta koma hawa, sai ta fara ganin abin da bai kwanta mata ba. Wata saiwa da ta saba tsallakewa an sare ta. Wani rami an cike shi. Ta riƙa ƙirgawa a ranta. Wata ranar Talata ta sauko da gudunta, gindi a bayan sirdi, yatsa ɗaya a kan birki. Ta shiga kwanar, ta saki gaba, ta jefa baya, ta jira dukan da ta sani. Babu! Tayar ta wuce salin-alin, keke ya yi kwazazzabo, ita kuma ta rungumi wani kututture da gwiwar hannu a saɓule.

Ko jinin ba ta duba ba. Ta rarrafo ta tsuguna inda dutsen yake. Ba ruwa ne ya tafi da shi ba. Ga sawun dagi a gefe, an cike gurbin da ƙasa, an daddanne da takalmi, har ganye an baza a kai. Wanda ya yi aikin nan ya ɗauki lokacinsa.

Wa zai yi haka? Ta fara da Loris mai hayar kekuna, wanda kullum kukansa hanyar ta yi wa baƙinsa wuya. Amma Loris rago ne, ba zai ɗauki dagi ba ko da wuƙa a wuyansa. Sai ta tuna makon jiya wasu baƙi sun bar ƙyaure a buɗe, saniyar Dorino ta sauko har bakin titi. Da ta gaishe shi washegari, da ka ya amsa. Ta ɗingisa ta hau makiyayar, ta zagaya bayan bukkarsa. Ga dagi nan jingine da bango, bakinsa da ɗanyar baƙar ƙasar daji.

A gida Ennio yana wanke mata ciwon ya ce, "A ina kika faɗi?"

"Kwanar Alfadari. Wani ya cire dutsen."

Hannunsa ya tsaya. "Baƙin dutsen nan? Ai na ɗauka..." Sai ya ci gaba da wanke ciwon.

"So ake a kashe ni, kuma na san mai so."

"Nives, wataƙila ba da mugun nufi ba ne."

"Kai dai kowa mutumin kirki ne a wurinka! Ɗaure min hannu."

Matar da take zargin mai burodi da rage gari, take zargin limamin coci da karanta katin mutane, ba ta ɗaga kai ta dubi fuskar mijinta ba. Abin yana ba ni haushi har yau.

Ranar Lahadi bayan an fito coci, shagon kofi ya cika. Dorino ya shigo da cukunsa a jaka. Nives ta miƙe.

"Dorino!"

Kowa ya juyo. Ba wanda ya taɓa jin ta kira sunan nan tsirara, ba Barba.

"Saboda saniya ɗaya za ka jefa ni kwazazzabo? Da ka ce min in bar ƙasarka mana, ba ka bi ta bayan fage ba. Na ga daginka!"

"Ke Nives, zauna, kofinki zai huce," in ji Loris.

"Rufe min baki, malalaci, kai ma ban gama da kai ba."

Tsohon ya ajiye jakarsa. Bai dube ta ba. Sai ya dubi Ennio, ya daɗe yana dubansa. Ennio kuwa ya ƙura wa kofinsa ido, kunnuwansa sun yi ja.

"Dagina ne, gaskiya," in ji Dorino. Ya ɗauki jakar ya fita. Kafin la'asar sarƙa da kwaɗo suna rataye a ƙyaure.

Da safiyar Litinin ta hau a ƙafa daga bayan coci, don ta ɗauki hoton gurbin ta nuna wa masu cewa ta yi gaggawa. Tun daga nesa ta ji nishi. Ta laɓe bayan itace, yau ga mugu a hannu. Wani mutum ne ke turo baƙin dutsen daga kwazazzabo, da ƙirji da gwiwa, yana zamewa. Rigar ta gane kafin fuskar, ita ta saƙa ta.

"Ennio?"

Ya zauna daɓas a ƙasa. "Ni ne. Duka ni ne, har saiwar da ramin. Tun da kika karye, in kin fita ba na iya riƙe zarto. Na ce bari in riƙa cire abin da zai kayar da ke."

"Kayar da ni? Dutsen nan shi ke riƙe da ni, wawa!"

"Wa ya gaya min? Shekara goma sha ɗaya, kin taɓa cewa Ennio zo ka gani?"

Ta kauce wa tambayar. "To jiya fa? Kana zaune na ci mutuncin tsoho!"

"Tsoronki nake ji, Nives." Ya faɗa a hankali, yana share ƙasa daga tafin hannunsa. Wannan maganar ta fi faɗuwar yi mata ciwo.

Su biyu suka mayar da dutsen gurbinsa. Daga nan ta hau makiyaya ita kaɗai. Ta tarar da Dorino yana juya madara a kan wuta. Ta tsaya a ƙofa ta faɗa masa komai, ta roƙe shi gafara, hawaye na zuba, ita da ko a jana'izar ubanta ba a ga hawayenta ba.

"Na sani tuntuni," ya ce, bai daina juyawa ba. "Ni na ara masa dagin. Na ce ya sare saiwa in yana so, amma kada ya taɓa baƙin dutsen nan, alfadarin kakanki ma da shi yake tokare ƙafa. Ya roƙe ni kada in faɗa miki, ni kuma ba na tona namiji a gaban matarsa."

"To a buɗe ƙyauren, don Allah."

"Na yafe miki, 'yata. Amma da na fita daga shagon nan, na ga yadda mutane suka dube ni. Wasu sun yarda zan iya kashe 'yar Aldo. Gobe wani baƙo ya karye a ƙasata, wa za a nuna?"

Ya yanko mata cuku ya naɗe a takarda, ya ce ta kai wa mijinta. Bai cire kwaɗon ba, kuma har yau bai cire ba.