Kilishi a Kan Farantin Intanet

Jama'a, ku ji abin da Kawu ya yi mini yau!

Jiya aka kafa mana farantin intanet a ƙauyenmu, bayan garin Guider. Yau ina intabiyun aiki ta bidiyo da wata madam a Garoua. Ta ce, "Gabatar da kanka." Ina buɗe baki, reso, wato intanet ɗin, ya ɗauke ɗif!

Na fita da gudu. Ashe Kawu Sale mahauci ne ya juya farantin wajen rana, ya shanya kilishi a kai!

Na ce, "Kawu, ka kashe mini aiki!"

Ya ce, "Haba ɗana, tire mai kyau haka zai yi zaman banza?"

Kafin in gyara farantin, madam ta kira wani mai neman aikin. Kawu ya miƙo mini yanki ɗaya, wai in huce. Ko bushewa bai yi ba!