Ranar da Kawu ya zubar da maganin ƙanena

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Shisha a Makka, ƙanena ya zo umara daga Ingila ya sauka a gidana. Karatu ne ya kai shi can, ya faɗa allurar ƙwaya, har muka fara cire rai da shi. Daga baya likitoci suka ɗora shi a kan metadon, wani koren ruwan magani da yake sha kowace safiya, wanda ke kashe masa ƙishirwar ƙwayar. Shekara uku bai taɓa sirinji ba, kuma duk gwajin ƙanjamau da ya yi lafiya lau.

Ya zo da maganin mako biyu a aune, da takardar likita da izinin shigowa da shi. Ya miƙo min ya ce, "Yaya, kulle shi saboda yara. Shi kaɗai ne tsakanina da allura."

Ranar Juma'a kawunmu ya zo cin abinci daga unguwar Jarwal, ƙanena bai dawo daga Harami ba. Kawu ya tambayi lafiyarsa, ni kuma uwar surutu, baki ba linzami, na kwashe labarin kaf na ba shi, har ina alfahari.

Kawu ya ajiye cokali. "Mutum ya zo ɗakin Allah yana kurɓar abin maye? Ga zamzam? Halas, magana ta ƙare, kawo makullin."

Na ce, "Kawu, likita ne fa ya rubuta."

"Likitan Nasara! 'Yar nan, ni za ki koya wa? Hati, kawo."

Na ba shi. Ni da ba direban tasin da ke cin galabata da baki a Makka, na kasa ce wa tsoho ɗaya a'a. Ya tuttule maganin a magudanar kicin yana bismilla, ya bi shi da ruwa.

Da ƙanena ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya dai zauna ya ce, "Yaya, kun san me kuka yi kuwa?"

Ban sani ba sai a kwana na biyu. Gumi, amai, gudawa, ƙafafu na ta zillo. Muka je wani asibiti aka ce ba sa ba da irinsa. Muka nemi kujerar jirgi ya koma, babu. Kawu kuwa galan ɗin zamzam ya aiko. Zamzam albarka ce, ban musa ba, amma shi Kawun bai taɓa tsallake maganin hawan jininsa ba ko na rana ɗaya.

A kwana na huɗu bayan la'asar ƙanena ya fita. Ya dawo kafin magariba a natse, ba rawar jiki. Natsuwar nan ce ta tsinka min zuciya. Na ja shi kicin na ce, "Sirinjin sabo ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Mu huɗu ne a wani lungu, Yaya. Sirinji ɗaya."

Wata uku da komawarsa ya kira ni. Gwaji ya nuna yana ɗauke da cutar ƙanjamau.

Yau yana nan da ransa, ya koma kan metadon, yana shan maganin ƙanjamau, yana aikinsa. Ni kuwa na koyi cewa furfura ba takardar likita ba ce, kuma biyayyar da za ta cuci wani ragwanci ce. Fushin bai huce ba, rabi na Kawu, rabi nawa.

Ƙanena ya roƙe ni kada dangi su sani, na yi masa alkawari. Shi ya sa duk taron suna ko biki, idan Kawu ya gyara zama ya ce, "Ai ni na raba yaron nan da ƙwaya, da hannuna," jama'a na ta masha Allah, ni ce ke durƙusawa in zuba masa shayi.