Malamar Gona Da Ta Kulle Irin Yayanta

Kullum da ta idar da sallar asuba, Malamar Gona takan zauna a bakin rijiya, don nan kaɗai sabis yake kamawa a gidan. Sai ta duba hasashen yanayi a wayarta mai fasasshen gilashi, ta maimaita shi da bakinta, ta tura wa manoma a saƙon murya, tunda yawancinsu ba sa karatu. Shekara tara tana haka. A watan nan ta yi ritaya, ofishinsu ko takardar yabo bai ba ta ba. To, mu mutanen gari za mu faɗi yabonta.

Ba mu manta shekarar da ruwan farko ya sauka da wuri ba. Manomanmu suna da ma'auninsu: mutum ya tusa hannu a ƙasa, in laima ta kai wuyan hannu, gobe shuka. Ranar kuwa laimar ta kai har ta wuce. Sai Malama ta tura saƙo cewa a dakata, ruwa zai ɗauke kusan mako uku, kuma wanda ya zuba irinsa ba shi da wani.

Dariya aka yi mata. Yayanta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, ya fi kowa.

"Wayar taki ta taɓa riƙe fartanya?" in ji shi.

"Ba ta taɓa ba, Yaya. Amma ta hango abin da hannunka bai kai ba."

Washegari da ya je ɗaukar iri, ya tarar ta kwashe buhunansa uku ta kulle a ɗakinta, makullin yana ɗaure a haɓar zaninta.

"Ni za ki yi wa haka?"

"Kai ɗin, Yaya. Ka yi fushi da ni, amma ba za ka binne abincin 'ya'yanka ba."

Kwana goma sha takwas bai amsa gaisuwarta ba. Abin ya yi mata ciwo, ga tsoron kada wayar ta kunyata ta, amma makullin bai bar zaninta ba. A gonakin maƙwabta shuka ta tsiro, rana ta ƙone ta ƙurmus. Da ruwa ya dawo sosai ta buɗe ɗakin. Yaya ya shuka buhu biyu, na ukun ya raba wa waɗanda suka taya shi dariya.

Ke ce, Malama, kika yarda a kira ki marar kunya don gari ya ci abinci. Mun gode, Allah Ya saka miki. Matasan da ke riƙe da waya, ga aiki nan ta bar muku.

Masu cewa manominmu ba zai iya da fasahar zamani ba kuwa, su zo su ga Yaya. Har yau yakan tusa hannu a ƙasa bayan ruwan farko, sannan ya goge shi a riga, ya danna waya ya saurari ƙanwarsa.