Malam Sa'adu da Kwalbar da Ya Kife

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Mayu 2025, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Sa'adu Illa, malamin kimiyya a kolej ɗinmu na Matameye. Ciwon ƙirji ne da ya daɗe yana ɓoye mana. Shekara tara bango ɗaya ne tsakanin ajina da nasa, shi ya sa na kasa yin shiru.

Malam, ban taɓa jin ka ba ɗalibi amsa kai tsaye ba. Sai dai ka ce, "Da me ya yi kama?" Idan yaro ya kawo kwatance daga madafin uwarsa ko gonar ubansa, ka ce ya rubuta zatonsa, sannan a gwada.

Kowace shekara kana kife kwalba a kan kyandir mai ci, yara su kalli wutar tana mutuwa. Bara wata ɗalibarka, Hawa, ta je gida Tsauni, ta tarar mahaifinta zai shiga tsohuwar rijiya don ya yashe ta. Ta riƙe igiya tana kuka, ta ce rijiyar nan kamar kwalba ce, a fara zura fitila. Aka yi mata dariya, amma aka zura. Fitilar ba ta kai rabi ba ta mutu. Mutumin nan yana sahun gaba a jana'izarka.

Ranar Litinin, ana gobe za ka rasu, ka yi wa ajin bana wannan darasi, ina gani ina jin komai ta taga. Sakina, ƙaramar cikinsu, ta ce wutar ta yi kama da mutumin da numfashinsa ke ƙarewa. Sannan ka ce, "To, a babbar kwalba zai fi daɗewa ke nan. Ku rubuta. Gobe ku gwada da kanku, ba sai da ni ba." Ka kife kwalbar a kan tebur, ka goge allin hannunka, ka bi yaran ɗaya bayan ɗaya kana kiran sunayensu. Ba ka taɓa yin haka ba.

Bayan addu'ar uku ni da yaran muka buɗe ajin. Kwalbar na nan a kife, cikinta ya yi raɓa kamar an hura mata numfashi, alhali ana tsananin zafi. Babu wanda ya iya zama. Na yi musu tambayarka: da me ya yi kama? Sakina ta ce ya yi kama da gumin murfin tukunya, wataƙila wani ya zubar da ruwa a teburin. Muka goge tebur da kwalba, muka kulle ƙofa. Washegari raɓar ta ragu, amma ba ta ƙare ba. Yaran sun rubuta zato huɗu, suna gwadawa. Ni dai ban sake taɓa ta ba. Allah ne Masani.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Baiwa, da ƴaƴanku, da dangi na Kance. Ya Allah Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Mu da muka rage, Ka kyautata namu zuwan. Amin.

Jamilatu Yahaya, Matameye