Tsatsar da Yaya Sumul Ya Yi Wa Ban-Ruwa

Yayana magini ne, amma ba mai ɗora bulo ba. Shi aikinsa shafe. In an gama ta da gini sai a kira shi, ya zo da cokalinsa ya bi bango da siminti har ya kwanta luf. Ya fi shekara talatin yana wannan sana'a, kuma tsakani da Allah ya iya. In ya gama bango, masu wucewa sukan shafa hannu a kai su ce, "Sumul!" Daga nan sunan ya bi shi. Ko Inna, mahaifiyarmu, in ya ba ta haushi cewa take, "Ku kira min Sumul ɗin nan."

Ni ƙanwarsa ce, aikina wankin ciwo a asibiti. Shekara ashirin da biyu ina kwance bandeji ina ganin abin da mutane suka ƙunsa a ƙasa suna fatan ya warke da kansa. To tun muna yara ni da Yaya ba ma shan inuwa ɗaya a kan abu guda: shi in ya ga tsaga rufewa yake, ni in na ga rufi sai na ɗaga. Kuma halin nan nasa bai tsaya a bango ba. In aka yi faɗa a gida, kafin a ji bakin kowa ya ce, "A rufe, a rufe, ya wuce." Akwai shekarar da ƙusa ta soke shi a ɗan yatsan ƙafa, ya naɗe wurin da baƙin salatif na masu gyaran wuta, ya ci gaba da zuwa aiki sati biyu. Wari ne ya tona masa asiri. Da na kwance abin nan, ni da na saba, sai da na fita waje na tofar da yawu.

Babanmu direba ne. Da mai gidansa ya tsufa ya daina fita, sai ya bar masa motar da ya daɗe yana tuƙa shi a ciki. Doguwa ce, koriya, mai fitilu zagaye da bamba mai ƙyalli, kujerar gaba ɗaya ce doguwa ta jar fata, giya a jikin sitiyari. Ta girme ni. Duk ranar hutu da yamma Baba yakan sa Inna a gidan gaba su tafi bakin wani tafki da ke bayan gari, tafiyar rabin awa, su zauna su dawo. Iyakar yawon da Inna ta sani a duniya ke nan.

Da ciwo ya kwantar da Baba, motar ta yi shekara biyu a ƙarshen tsakar gida, daidai ƙarƙashin indararo, an lulluɓe ta da tamfol mai huji. Bayan rasuwarsa masu sayen tsohon ƙarfe suka fara zarya. Yaya ya kore su, ya je ya durƙusa gaban Inna ya ce, "Inna, ni zan ta da motar nan. Da hannuna zan kai ki bakin tafki a gidan gaba, yadda Baba yake yi." Inna ta ce, "Allah ya nuna min."

Injin motar dai wani makanike abokinsa ne ya gyara, kuma ya tashi, ba laifi. Amma jikin motar Yaya ya ce ba mai taɓa masa. Aka ce ya kai wa fanal bita, mai gyaran jikin mota, ya ce, "Me fanal bita ya sani game da lafiyar fuska? Bango da mota ai duk shafe ne."

Ga yadda yake yi, na gani da idona ba ba ni labari aka yi ba. Zai kankare tsatsar da ta taso da bakin cokali. In huji ne ya cusa ragar waya, ya toshe bayanta da duk abin da hannunsa ya kai. Sannan ya kwaɓa fila, wannan farin ƙullin da ake shafawa a jikin mota, ya ɗan barbaɗa mata siminti wai don ta yi ƙarfi. Kafin ya shafa kuma, sai ya ɗauko tsintsiya ya tsoma a bokiti ya yayyafa wa ƙarfen ruwa, don a wurin magina ba a shafe a kan busasshen bango. In ya gama, kwana uku yana yi wa wurin ban-ruwa safe da yamma, kamar yadda ake yi wa sabon shafe don kada ya tsage. Ƙarfe fa! Shekara tara Yaya yana shayar da tsatsa kamar mai kiwon alayyafo.

Duk damina sai ƙuraje su feso a jikin fenti, wasu su fashe suna tsiyayar da wani jan ruwa. Nakan ce, "Yaya, wannan ai mugunya ce, ciwon yana ciki." Ya ce, "Ke komai a wurinki ciwo ne." Ya kankare, ya yayyafa ruwa, ya sake shafewa. Daga nesa kuwa in ka ga motar sai ka rantse jiya ta fito daga kamfani. Kyan ɗan maciji ke nan.

A shekara ta tara zuciyar Inna ta fara gazawa. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya zama aiki. Likita ya ja ni gefe ya ce mu daina ƙirga shekaru. Na gaya wa Yaya. A karo na farko bai ce a rufe ba. Ya je ya sayo fenti, ya fesa wa motar, ya goge bamba har kana ganin fuskarka, ya shiga ɗakin Inna ya ce, "Asabar mai zuwa za mu tafi." Inna ta sa aka ciro mata mayafin da take so, aka goge aka rataye.

A lokacin akwai wani tsoho da nake wanke wa gyambo a ƙafa duk bayan kwana biyu, mai ciwon suga. Tsohon fanal bita ne. Ina cikin aiki nake ba shi labarin motar don in ɗauke masa hankali daga zafi. Da na zo kan ban-ruwa, sai ya yunƙura ya zauna, har ya kusa ture min kwanon magani.

"Ruwa? 'Yata, ruwa kika ce yake ba ta?"

"Safe da yamma, Baba."

"Innalillahi. Kuma mutum za a sa a ciki?"

Ya ce in samu maganaɗisu in bi jikin motar da shi, duk inda ya ƙi kamawa to babu ƙarfe a wurin. Ya ce amma duk wannan ado ne, in ɗaga kafet in soki ƙasan kujera da sukundireba, nan ne rai yake.

Ranar Alhamis da la'asar na je gidan Inna da ɗan maganaɗisun da ke manne a ƙofar firij ɗina. Na tarar da Yaya da bokiti da tsintsiya yana yi wa madigadin da ke saman taya yayyafi. Na wuce kai tsaye wurin motar. Na ɗora abin a ƙofar gaba, ya faɗi ƙasa. Na ɗora a ƙofar baya, ya faɗi. Madigadi, ya faɗi. Sai a rufin sama kawai ya kama.

"Me kike yi ne haka?" in ji Yaya.

"Ƙarfe nake nema, Yaya. Ko ka san inda ya tafi?"

Na buɗe ƙofar ɓangaren Inna. Wani wari ya doke ni, irin na rigar da aka jiƙa aka manta a leda. Na kama bakin kafet na ɗaga, ya taso yana naso, ƙasansa fari fat da hunhuna. Kyankyasai suka watse, har ɗaya ya hau min hannu. A kusurwa ga gawar ɓera ta bushe ta manne. Tir! Na ɗauki sukundireba na ɗora a daidai inda Inna za ta sa ƙafa, ban ma danna da ƙarfi ba, ya shige har ƙota. Na zare, na leƙa ta hujin, ga ƙasar tsakar gida ina kallo.

Daga nan sai na fara tono da hannu kamar mahaukaciya. Na ciro soso jiƙaƙƙe, na ciro takardar buhun siminti, na ciro wata tsohuwar singileti da na san ta a jikin Yaya, ta koma ja da tsatsa. Na girgiza kujerar, ta yi rawa. Cikin ƙusoshi huɗun da ke riƙe da ita, biyu a cikin fila suke zaune, babu ƙarfe ko na rantsuwa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na wanke Yaya tas, ban bar masa komai ba. Na ce shekara tara kana yi wa kashi kwalliya. Na ce uwarka za ka ɗora a kan singileti, a hanyar tafki da ke cike da ramuka? Na ce duk rayuwarka haka take, sama sumul, ƙasa ruɓa. Wannan ta ƙarshen bai kamata in faɗa ba, amma na faɗa, kuma da ƙarfi, ga tagar Inna a buɗe.

Ya daɗe yana kallon hujin. Sannan ya ce a hankali, "Zan shimfiɗa falanki mai kauri daga gefe zuwa gefe, in ɗaure kujerar a kai. Sau ɗaya ne fa. A hankali zan tuƙa."

"Sai dai in bayan raina," na ce. "Ko a gyara ta gyara na gaskiya, ko Inna ba ta shiga."

Ya ajiye tsintsiyar ya ce, "To."

Tsohon fanal bitan ya yarda ya zo. Aka ɗauko shi da sandunansa, aka ajiye masa kujera a inuwa, ƙafar gyambon a kan bokiti kife, yana ba da umarni. Dokarsa biyu ce: a yanka har sai ƙarfe ya fito fari yana ƙyalli, kuma duk wanda ya kawo ruwa kusa da motar zai sha sanda. Yaya ya ari injin yankan ƙarfe ya fara. Abin da ya zubo daga jikin motar nan ba ya faɗuwa: dunƙulen fila kamar buraguzan gini, raga ta ruɓe, jaridu sun zama kunu, da tsatsa ɓawo-ɓawo. Bokiti goma sha ɗaya na kwashe da kaina, ina toshe hanci. Duk inda aka ce an kai ƙarshen ruɓa, tsoho ya ƙwanƙwasa da guduma ya ce, "Ƙara gaba." Da aka gama yanka, kana iya tsayawa a tsakiyar motar ƙafarka a ƙasa.

Tsoho ya ce sati biyar, in an yi sauri. Asabar ta zo ta wuce. Yaya, mai shekara hamsin da tara, ya zauna koyon walda kamar sabon shiga. Ya ƙona hannu, ya ƙona wando, idanunsa suka yi jajur suna hawaye. Ya daina zuwa aikin gini. Bai yi min magana mai zafi ko sau ɗaya ba, kuma wannan ya fi zagi ci min rai.

Inna takan sa a fito da ita bakin ƙofa ta zauna tana kallon tartsatsin wuta. A sati na uku na ga yadda take jan numfashi da ƙyar. Na je na tsuguna kusa da ita na ce, "Inna, ko a mayar da kujerar a ɗora ki a ciki, Yaya ya zauna a sitiyari, ko hoto ne a ɗauka?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ja tsaki.

"Ni yarinya ce da za a yi min wasan mota? Alkawarin tafiya aka yi min, ba na zama ba. Tashi ki ba ni wuri, kin tare min kallo."

A sati na huɗu ta rasu, ranar Talata da hantsi, saura ƙasan ɓangaren direba da ɗaurin kujera.

Na ɗauka shi ke nan, Yaya zai kira masu tsohon ƙarfe. Bai kira ba. Da baƙi suka ɗauke ƙafa ya koma kan aikinsa shi kaɗai, don tsohon ma ƙafar ta hana shi fitowa. Bayan kwana goma sha biyu ya aiko in zo.

Na tarar ya mayar da kujera, bai sa kafet ba. Ƙasan motar sabon ƙarfe ne, an yi masa jan fenti na maganin tsatsa, layin waldar duk ya yi ƙulu-ƙulu, muni iya muni. Bai shafa fila ko cokali ɗaya ba. Ya buɗe min ƙofar ɓangaren Inna ya ce, "Shiga ki gwada."

Na shiga na zauna. Na buga ƙafa da ƙarfi, na sake bugawa. Na girgiza kujerar da duk jikina. Ko gezau.

"Ya yi?" ya tambaya.

"Ya yi, Yaya."

Ya jingina da ƙofar yana goge hannu da tsumma, bai kalle ni ba.

"Ke kike auna ta duk sati," ya ce. "A satin da za mu tafi, nauyinta nawa ne?"

Kilo talatin da takwas. Ni na ɗora ta a ma'auni da hannuna, ranar Larabar da washegarinta na zo da sukundireba. Ba falanki mai kauri ba, ko murfin akwati ne da ya ɗauke ta zuwa tafki ya dawo da ita. Na buɗe baki in ce masa ai akwai ramuka a hanyar, sai na ji ƙyamar muryata tun kafin ta fito.